Wa Ya Hura Malam Idi?

Ba zan taɓa mantawa ba da lissafin wancan mako, don har yau nakan maimaita shi ni kaɗai in kasuwa ta lafa: haƙarƙari uku da suka karye, kwana biyu da aka ɓata, sai numfashin mutum ɗaya wanda unguwarmu take ji sau biyar a rana. Haƙarƙarin ba ni na karya ba. Kwana biyun nawa ne, ba wanda ya taya ni ɓata su. Numfashin kuwa ba nawa ba ne, amma shi na baza a faifai na yi ciniki da shi kamar kayan gidanmu.

Sana'ata fata da ƙirgi. A kwata na tashi, tun ina riƙe ƙafar akuya wani yana fiɗa, har na riƙe wuƙa da kaina, har Allah ya buɗa na bar fiɗa na koma saye. Yanzu daga Miga da Jahun da Kafin Hausa ake tara mini, in sa gishiri, in loda zuwa Kano. Ban wuce aji huɗu a firamare ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba, alfahari ma nake yi da hakan. Nakan ce da mutane in na shafa fata ido a rufe zan faɗi garin da akuyar ta yi kiwo (gaskiyar magana, nakan saci kallon buhun da aka kawo ta tukuna).

Wanda bai taɓa shiga kwata ba, dole in yi masa bayanin abu ɗaya, in ba haka ba ba zai gane girman wautata ba. Kafin a feɗe akuya, ƙwararren mahauci yakan tsaga 'yar ƙofa a ƙafar baya, ya zura siririyar sanda ya buɗe hanya, sannan ya kafa baki ya hura. Sai iska ta bi ƙarƙashin fata, akuyar ta kumbura tim kamar salka, yana hurawa yana bubbuga ta da tafin hannu don iskar ta zagaye ko'ina. Tsakanin fata da tsoka akwai wani farin abu sako-sako mai kama da yanar gizo-gizo, shi iskar take buɗewa. In an hura da kyau, da dunƙulen hannu kawai fatar take saɓulewa, wuƙa ba ta ci ta ba ko ɗis, irin fatar da nake so ke nan. In kuma ka danna hurarriyar akuya da yatsa, za ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Sau nawa yatsuna suka ji wannan ƙara, Allah kaɗai ya sani.

A kan wannan na gina likitancina. A majalisarmu ta bayan la'asar nakan ce Mahaliccin ɗaya ne, tsarin ma ɗaya ne, abin da ke cikin rago shi ke cikin mai ragon. In jero musu: fata, kitse, yana, tsoka, ƙashi, bayan ƙashi wani tantani mai sheƙi. Ɗakin sama na huhu ne da zuciya, ita zuciyar ma da 'yar jakarta. Wani shimfiɗaɗɗen nama ya raba sama da ƙasa. A ɗakin ƙasa hanta da tumbi da hanji, an yafa musu mayafin kitse. Mutane su yi ta gyaɗa kai. Da ka ga ana gyaɗa maka kai shekara da shekaru, sai ka manta cewa wasu barci ne yake ɗibarsu.

Malam Idi taubashina ne, ɗan kawuna, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Tunda ni ɗan mace ne, bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai “bawana”, ko a gaban baƙin da suka zo mini daga Kano. Siririn mutum ne, in ka gan shi ba ka ce yana da ƙirji ba, amma in ya kama kiran salla yakan ja “Hayya alal falah” da numfashi ɗaya har ka soma ji masa tsoro. Masu ban ruwa a fadama sukan ce ko ranar da babu wuta, lasifika ba ta tashi ba, suna jiyo shi. Nakan ce masa asara aka yi da bai zama mahauci ba, da shi kaɗai zai hure awakin Hadejia. Ya ce bawa bai isa ya zaɓa wa ubangijinsa sana'a ba.

Abin ya faru bayan ruwan ambaliya ya janye, an shiga noman rani. Idi yana da 'yar gonar tattasai a bakin kogi. Ranar wata Talata ya ɗauro injin ban ruwa a bayan babur, ya hau jinga, ƙasar ta zame da shi, ya gangara, injin ya bi shi ya sauka a kan haƙarƙarinsa na dama. Aka kawo shi gida wajen azahar. Matarsa Saude ta aiko a kira ni, ba don ni likita ba ne, don ni nake da mota.

Na same shi a jingine da bango yana numfashi guntu-guntu. Duk da haka da ya gan ni sai da ya ce, “Bawana, sai yanzu? Da mutuwa zan yi ai da ka rasa mai ba ka kuɗin shara.”

Saude ta riga ta yafa mayafi, ta ɗauko katin asibiti. Ta ce, “Alhaji, mu tafi. Dubi gefen nan yadda yake tashi.”

Da na yi shiru na tada mota, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai na durƙusa na ce bari in gani. Na ɗaga rigar, ga kumburi daga ƙasan hammata ya nufi ƙirji. Na danna da yatsa biyu.

Ƙaras-ƙaras.

Wallahi wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Irin daɗin da za ka ji in ka haɗu da ɗan garinku a tashar da ba ka san kowa ba. Na sake dannawa, na kama hannun Saude na ce ta danna ita ma.

“Kin ji? Iska ce kawai, kuma a waje take, tsakanin fata da nama. Ba ta shiga ɗaki ba. Ni na san wurin nan kamar aljihuna. In kuka kai shi asibiti yanzu sai su ce za su fasa ƙirji, alhali abin a zaure yake.”

“Alhaji, numfashin fa?”

“Wa zai karya haƙarƙari ya yi numfashi kamar ango? A ɗaure masa, gobe a kira wanzami ya ja iskar. Kwana uku za ki ji shi a lasifika.”

Idi dama tsoron allura yake kamar me, ga tattasai ya nuna yana jiran tsinka. Ya ce, “Saude, ki bar shi. Bawan nan bai san komai ba a duniya sai cikin dabba, amma wannan ɗin ya sani.” Ta tsaya ta dube ni, ta dube shi, ta cire mayafin ta ninke. Har yau ina ganin yadda ta ninke shi, a hankali, gida huɗu. Na warware rawanin Idi na naɗe masa ƙirji tamau, ina ja ina cewa ya yi haƙuri.

Washegari da hantsi na zo da wanzamin unguwarmu. Kumburin ya hau har wuya. Wanzamin ya taɓa, ya janye hannu, ya ce, “Alhaji, ni fa jini nake ja. Tunda na gaji aikin nan ban taɓa jan iska ba.” Mutumin da aikinsa ne tsaga fatar ɗan Adam yana gaya mini bai gane ba, ni da ban taɓa tsaga ta ba na ce ya sa ƙaho kawai, ni zan tura masa iskar. Ya tsattsaga, ya kafa ƙaho, ni kuma ina bin ƙirjin da tafin hannu ina matsowa, yadda muke yi wa akuya in za a sace mata iska. A kan karyayyen ƙashi fa. Idi yana cije leɓe, gumi yana zuba. Abin da ƙahon ya fitar jini ne cokali biyu. Na duba na ce ta soma fita, ai iska ba a ganinta.

Ranar nan wani ne ya yi kiran azahar da la'asar. Na ji muryar ba ta Idi ba ce, na ce a raina saura kwana biyu.

Ranar Alhamis da safe ina rumfa ana auna gishiri aka zo aka ce mini Saude ta samu motar maƙwabci ta tafi da Idi asibiti, ba ta ko aiko mini ba. Abin da na ji a lokacin, in faɗi gaskiya, haushi ne. Na bi su ina ta shirya maganar da zan yi.

Da na shiga ɗakin da ake karɓar masu neman taimakon gaggawa, ban gane shi ba da farko. Fuskar ta kumbura har idanu sun rufe, leɓunan sun yi duhu, an sa masa abin shaƙar iska a hanci, kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka kamar mai jan guga. A kansa wata likita ce tsaye, Dokta Rifkatu, 'yar wani malamin makaranta mutumin Filato da ya yi shekaru a Hadejia. A nan aka haife ta. Na san ta tun tana biyo mahaifiyarta kasuwa sayen nama, wannan ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Bayanta 'yan makarantar koyon jinya su huɗu da fararen kaya da littattafai, ga masu jinyar wasu marasa lafiya sun cika benci.

Likitar ta riga ta sa an warware rawanin nan da na naɗa masa, yana yashe a ƙasa. Ta saurari ƙirjin hagu da dama, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ta ce da Saude, “Mama, ba mu da lokaci. Zan tsaga nan tsakanin haƙarƙari in zura roba, iska da jini su fita. Kin yarda?”

Kafin Saude ta buɗe baki na ratsa na tsaya tsakanin likita da gadon. Na gyara babbar riga.

“Dakata, 'yata. Ba za a huda ƙirjin nan ba. Ke kin karanta a takarda, ni da hannuna na yi shekara talatin ina buɗewa. Iskar nan a waje take.” Na shiga jerowa da ƙarfi don na benci su ji: fata, kitse, yana, tsoka, ƙashi, tantani, ɗakin sama, ɗakin ƙasa. Na yi bayanin hura akuya har ina kwatantawa da baki (ni, da furfurata, na kumbura kumatu a gaban jama'a). Na rufe da cewa wanda zai fitar da iskar zaure ba ya fasa bangon ɗaki.

Ba ta ɗaga murya ba. Hannunta ma bai tsaya ba, tana sa safar hannu tana magana.

“Baba, duk abin da ka jera daidai ne, ko ɗaya ba ka kuskure ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. In akuya ta kumbura haka, wa ya hura ta?”

“Mahauci mana.”

“To wa ya hura Malam Idi?”

Kwana biyu ina danna iskar nan, ina yi mata kirari, ina kiran mutane su zo su ji ƙararta, ban taɓa tambayar kaina ta ina ta shigo ba. Ba tsaga a ƙafarsa. Ba wanda ya kafa masa baki.

“Shi yake hura kansa, Baba,” in ji ta. “Ƙashin ya huda huhu. Duk numfashin da ya ja, wani yana zubewa a cikin ƙirji. Wadda kake ji a ƙarƙashin fata, wadda ta tsallako ce. Sauran tana ciki ta danne huhun.”

Wata daga cikin 'yan makarantar ta sa littafi ta rufe bakinta. Wani tsoho a benci ya ce, “Ikon Allah,” irin faɗar da ba Allah kaɗai ake nufi da ita ba. Ni kuwa ina nan tsaye tsakanin likita da gadon. Sai Saude, matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni da magana mai zafi ba tunda aka kawo ta gidan kawuna, ta ce:

“Alhaji, matsa ka ba mutane wuri. Mijina ba bunsuru ba ne.”

Na matsa. Na sunkuya na ɗauki rawanin don in samu abin da zan yi da hannuna.

Aka ja labule. Daga inda nake na ji lokacin da robar ta shiga, wata iska ta fito fuuu. Na san wannan ƙarar ma. Daga baya na ga robar ta gangara cikin wata kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado, ruwan yana ɓulɓul duk sanda ya yi tari, baƙin jini yana bin robar a hankali.

Washegari na koma da kunu da ƙosai, ina fatan kada in haɗu da likitar. Na haɗu da ita, tare da 'yan makarantar nan huɗu. Na yi zaton za ta wuce ni, sai ta ce, “Yauwa, Baba, zo ka taya ni. Waɗannan ba su taɓa ganin cikin ƙirji da idonsu ba.” Ban sani ba ko ramuwa ce ko karamci, har yau ban yanke ba.

“In ka fasa ƙirjin rago, yaya kake samun huhu?”

Na ce a ƙanƙance, a kwance can gefe, ƙirjin ya fi shi girma nesa.

“Da wuƙa ta shiga me kake ji?”

Na ce wata 'yar iska, fuu.

“To lokacin nan ne ya ƙanƙance. Kafin wuƙarka ta shiga, huhun ya cika ƙirjin fal. Tantanin nan mai sheƙi da ka faɗa, biyu ne: ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya ya shafe bangon ƙirji ta ciki. Manne suke da juna da ɗan danshi, kamar farantai biyu jiƙaƙƙu, suna zamewa amma ba sa rabuwa. In ƙirji ya buɗe sai ya ja huhu ya buɗe. Ranar da iska ta shiga tsakaninsu, sun rabu ke nan.”

Shekara talatin ina ɗauka haka Allah ya yi huhu, ɗan ƙarami yana reto a babban ɗaki. Ashe duk huhun da na taɓa gani, ni na ɓata shi kafin in gan shi. Ban taɓa buɗe mai rai ba, kuma ban taɓa lura cewa wannan bambanci ne ba.

Na bi ta baranda na tambaye ta abin da yake cina. Na ce da an kawo shi ranar Talata fa? Ba ta yi mini kara ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba. Ta ce ba za ta rantse ba, amma jinin da ya kwana biyu a ciki ya soma daskarewa, irin wannan roba ba ta iya janye shi duka, kuma ɗaurin da matsawar ba su taimaka ba. Ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu.

Sun yi. Kwanansa goma sha tara, zazzaɓi ya shiga ya fita. Da aka yi hoton ƙarshe ta nuna mana: saman huhun dama ya buɗe, ƙasan bai buɗe duka ba, tantanin wajen ya yi kauri ya riƙe shi. Ta rasa yadda za ta kwatanta wa Saude, ni na gane tun kafin ta gama. Fatar da aka bari ta bushe a naɗe, ko ka jiƙa ta ba ta komawa yadda take.

Tattasan ya ruɓe a gona, wannan na iya gyarawa, na kuma gyara. Labari ya riga ni isa kwata, har yau in na shiga sai wani ya ɗaga ƙafar akuya ya ce, “Likita, a hura ko a kai asibiti?” Wannan ma na iya ɗauka, na ci abin da ya fi haka. Saude takan gaishe ni, ta kawo mini ruwa, amma in ɗanta ya yi zazzaɓi maƙwabci take nema, ba ni ba. Majalisar bayan la'asar kuwa, in aka kawo zancen ciwo yanzu, makullin mota nake lalubawa, shi ne iyakar ilimin da na tabbatar ina da shi.

Na je na nemi gafarar Idi bayan an sallame shi. Na shirya magana mai tsawo, bai bar ni na kai rabi ba. Ya ce, “Bawana, ni na ce a bar ka. Wanda ya bar bawa ya yanke shawara ai shi ya jawo.” Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Na fi son da zagina ya yi.

Bayan wata uku ya koma kiran salla. Muryar tana nan, ba ta canja ba. Baƙo ba zai ji komai ba. Amma in ya zo “Hayya alal falah”, inda da yakan ja har masu ban ruwa su ɗaga kai, yanzu yakan kai rabin nisan ya sauke, ya yi shiru, lasifika ta kawo mana ƙarar jan numfashinsa, sannan ya ci gaba. Shirun bai fi ƙiftawar ido uku ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na barin lissafi a buɗe. Ribata a wannan ciniki tambaya ɗaya ce da yanzu nake yi kafin in buɗe baki: ta ina abin ya shigo? Asarar kuwa ba a aljihuna ta faɗa ba, shi ya sa ba ta biyuwa. Rumfata tana kallon masallacin. Sau biyar a rana Idi yakan tsaya ya ja numfashi a inda da ba ya tsayawa, duk unguwa suna jin kiran salla, ni kaɗai nake jin wurin da ya tsaya.